Ƙofar Kande

Kano, 12 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Nata'ala, ya sa ya huta. Mu nan lafiya, sai gwiwa da ta sa ni gaba tun da damina ta kankama, ga kunnen nan ya ƙara nauyi. Kada ma ki wahalar da kanki da kiran waya, sai dai in yi ta "iye? iye?" jikoki na dariya. Maganar da zan yi kuwa ba ta kunnen jikoki ba ce, shi ya sa na rubuta da hannuna, na liƙe, na ba mai tafiya London.

Kin san ni ba bare ba ce a wajenki. Kakata da kakarki uwa ɗaya uba ɗaya, mijinki kuma ɗan baffana ne, a bayana ya yi wayo. Yanzu ni ce babba a gidan nan, duk abin da aka ji ni ake kawo wa.

Zinatu, an ce an gan ki a bakin titi, ko wata guda ba a yi da rasuwa ba, kina durƙuso kina leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Na ce ƙarya ne. Sai kuma aka ce wani namiji ya zo gidan da jaka a hannu, bai bi ta ƙofar gaba ba, ta baya ya zagaya, kuma ya daɗe. Kada ki tambaye ni wa ya faɗa.

Mun shirya ranar da za ki fita takaba za a yi sauka da sadaka a nan gidan, a sanar da dangi cewa matar Nata'ala ta yi masa wata huɗu da kwana goma cif, ba gyara. Ni zan tsaya in faɗi haka da bakina. To ba zan tara mutane in faɗi abin da wata za ta taɓe baki a bayana ba. Ki faɗa mini gaskiya, wane ne, kuma me ya kawo shi?

Yayarki,
Muhibbat

Catford, 27 ga Agusta

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na gode da addu'a, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abinci ba ya shiga sosai. Babban ɗanmu Fa'iz ya koma aikinsa Aberdeen tun bayan sadakar bakwai, ƙaninsa ya koma Canada, saura ni kaɗai a gidan.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na rasa dariya zan yi ko kuka. Duk abin da aka faɗa miki an yi. Amma wanda ya kawo labarin ya bar mage a hanya.

Kin tuna Kande, jar magen ɗan'uwanki, wadda ya ce tunda Allah ya ba shi maza biyu ga mace ta zo a bayansu? A ƙasan ƙofar kicin akwai 'yar ƙofarta, cat flap suke ce mata, wani marfi ne na roba da take turawa da kai ta fita ta dawo. Da yana raye ba ta wuce garden ɗin bayan gida, fito ɗaya zai yi ta dawo. Tun da ya rasu ta fara nisa, har babban titi. Ranar da aka gan ni, tun safe ba ta dawo ba har la'asar. Na zauna, na tashi, na zauna, daga ƙarshe na zura hijabi na fita. A ƙarƙashin wata mota na same ta, ƙafa ɗaya ta kumbura. Likitan dabbobi ya ce in ta sake hawa titin nan ba lallai ta dawo ba, a tsare ta a gida. Ni ma ba na son in sake taka waje, Yaya, na san abin da ke kaina.

Namijin sunansa Mutawakil, mutumin Kumasi ne, shi ke yi wa rabin Hausawan nan gyare-gyare. Tare da matarsa Fauzia suka zo, ita ta shigo ta ƙofar gaba, shi na ce ya zagaya. Ya ce aikin zai fi sauƙi in ya shigo ya cire ƙofar, na ce ba namijin da zai taka kicin ɗin nan sai na fita takaba. Haka ya kwanta a ƙasa ta waje, ƙofa a kulle, Fauzia na miƙa masa kusa ta ramin. Ya buga wani ɗan katako ta waje yadda marfin zai buɗu ciki amma ba zai buɗu waje ba. Wato in tana waje za ta iya shigowa, in tana ciki ba fita.

Kwana biyu kacal abin ya yi aiki. Rana ta uku ina wanke-wanke na ga 'yar banzar ta sa farce ta jawo marfin ciki, ta sunkuya ta sulale ta ƙarƙashinsa. Dole Mutawakil ya dawo. Ya duba ya ce, "Hajiya, wannan mage ya fi ni karatu." Ya sa wa marfin maganaɗisu mai ƙarfi, ya goge gefen da take kamawa. Yanzu ta shigo hannu.

To kin ji. Amma ni ma ina da tambaya. Mutum nawa ne ke shigowa gidan nan? Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowace sai na ce mata Allah ya saka da alheri. Wace ce a cikinsu take cin tuwona tana aika rahoto Kano?

Ƙanwarki,
Zinatu

Kano, 14 ga Satumba

Zinatu,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa da sauƙi, an samo mini wani man shafawa. Ki riƙa daurewa kina cin abinci ko kunu ne.

Na ga bayaninki, ya yi tsaf, har ya so ya yi yawa. Ni dai ban je London ba, amma na ga kafinta a rayuwata. Rami a jikin ƙofa, Zinatu, kafin a sha shayi an toshe shi. Wane irin rami ne sai an zo sau biyu? In so kike magen ta zauna, me ya sa ba a rufe shi gaba ɗaya ba, aka bar shi ana shiga ba a fita? Kuma ita matar tasa da kika ce, wadda ta ba ni labari ba ta ga mace ba, namiji ta gani.

Da a nan ya tsaya da na yi shiru. Yanzu ga wani sabo. An ce wani mutum dabam, ba ma Musulmi ba, yana zuwa da sassafe, ta bayan nan dai. An gan shi yana fitowa da wani abu naɗe a tawul, ya rungume a ƙirji, yana dariya yana ɗaga miki hannu. Ba sau ɗaya ba. Shi kuma wane rami yake gyarawa?

Wallahi kunya ta ishe ni. Jiya a wajen suna wata ta ce mini, "Ashe takabar Turai da sauƙi." Na yi kamar kunnena ne bai ji ba, alhali ranar ya ji tar. Nata'ala bai taɓa sa na sunkuyar da kai ba yana raye, ba na so a sa ni yanzu da yake kwance.

Kin tambaye ni mai kawo labari. Ki bar wannan, ki ba ni amsar tawa.

Muhibbat

Catford, 29 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Nan sanyi ya fara, na ɗan yi mura ta wuce.

Ikon Allah! Wato yanzu har wanda ya ɗaga mini hannu sai an rubuta. To bari in bi miki ɗaya bayan ɗaya, tunda kotu aka kafa.

Ba a toshe ramin ba saboda Kande tana wuf ta fice ta tsakanin ƙafafuna duk ranar da na buɗe ƙofa zan fitar da shara. In ba ta da hanyar dawowa, sai na fita nemanta, kuma fitar ce ba kwa so. Fauzia kuwa tana cikin kicin, wanda ya tsaya a bakin shinge yana leƙe ba zai gan ta ba. Ki faɗa wa mai leƙen ta riƙa ƙwanƙwasawa.

Shi kuma mai tawul maƙwabcinmu ne, Mista Katung, mutumin Kafanchan, tsoho mai jikoki shida. Shekara goma sha ɗaya suna gaisawa da marigayi ta saman shinge, har maƙabarta ya raka shi. Abin da ni da Mutawakil ba mu yi tunani ba shi ne, ƙofar da ke barin Kande ta shigo tana barin kowace mage ta shigo. Ashe da can ma magunan unguwa suna shigowa su ci abincinta su fice ban sani ba. Yanzu sun shigo ba fita. Wata safiya na sauko na tarar da mage uku a kicin, ɗaya a kan firji, ɗaya a cikin kwandon albasa, sun fasa mini kofi biyu. Baƙar ta Mista Katung ce. Ita ce a tawul, don tana yakushi. Ban buɗe masa ba sai da na sa hijabi, ƙafarsa ba ta haye dokin ƙofa ba, hannu na miƙa ya karɓa. Sau huɗu aka yi haka. Akwai ma wata Baturiya da ta zo tana huci wai satar mage nake yi, za ta kai ƙarata council, wato hukumar unguwa. Ita ba a kawo miki labarinta ba ko? Ai mace ce, ba ta da daɗin faɗa.

Mutawakil ya ce akwai wata irin ƙofar da ke gane mage ɗaya tak, ta hanyar wani ɗan abu da aka dasa mata a wuya. Amma sai an cire ƙofar an faɗaɗa ramin, aikin yini ne a cikin kicin. Na ce a bari sai Nuwamba. Kin ga, da na bar shi ya shigo tun ranar farko, da zuwa ɗaya zai yi, ba wanda zai ga komai. Kiyayewar da na yi ce ta jawo mini wannan.

Yaya, yanzu duk wadda ta kawo mini abinci kallonta nake. Zarah, ɗiyar maƙwabtanku da ke karatu a nan, ta zo da dambu ranar Lahadi, na kasa ci, na ce mata ina barci. Wataƙila na zalunce ta, wataƙila kuma ita ce. Na daina buɗe labule. In ba don Kande ba, sai in yini ban ji motsin wani mai rai ba. Na ji zafin wasiƙarki ƙwarai, ban ɓoye miki ba.

Zinatu

Kano, 11 ga Oktoba

Zinatu,

Sallama. Muna lafiya, ina fata kina lafiya.

Ba zan tsawaita ba. Yau mage uku, gobe Baturiya, jibi kuma ban san me za a ce ba. Ko gaskiya kike faɗa, bakin mutane ya riga ya buɗe, kuma muddin ramin nan yana nan maza ba za su daina zagayawa bayan gidanki ba. Na zauna da Shafi'u, ƙanin mijinki, ransa a ɓace yake. Ya ce shi ba zai zauna a wajen saukar ba.

Ga abin da muka yanke. Ki rabu da magen nan, ki ba wani. A toshe ramin da katako, toshewa ta har abada. Daga nan har ki fita kada a sake ganin kowa ta baya. In kin yi haka na san ba abin da kike ɓoyewa, zan tsaya a gaban dangi in wanke ki, Shafi'u ma zai zauna. In kin zaɓi mage, to ba sauka a gidan nan, kuma ki san da bakin da za ki yi wa 'ya'yanki bayani in sun zo Kano aka juya musu baya.

Dabba ce fa, Zinatu.

Muhibbat

Kano, 19 ga Oktoba

Ƙanwata Zinatu,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki kafin ki yi komai. Lafiyata ƙalau, zuciyata ce ba lafiya.

Kin canka daidai, Zarah ce. Uwarta take faɗa wa a waya, uwar ta tsallako ta faɗa mini. Shekaranjiya yarinyar ta zo gida bikin yayarta, na sa aka kira mini ita, na zaunar da ita dab da kunnena mai ji. Na ce, mutumin nan mai jaka, a ina kika gan shi? Ta ce a bayan gidan. Na ce ciki ko waje? Ta ce waje. Na ce a tsaye? Ta ce a'a, a kwance rub da ciki a kan siminti, ana yayyafi, kansa a bakin wani ɗan rami, yana magana da wata a ciki yana ce mata Fauzia miƙo wancan. Na ce don ubanki me ya sa ba ki faɗi wannan ba? Ta ce ai ba a tambaye ta ba, ita dariya abin ya ba ta ta faɗa wa mamanta. Batun mai tawul ma, ta ce ta ga jelar mage tana reto. Tsakanin bakinta da kunnena aka zubar da jelar, aka zubar da Fauzia, aka kawo mini maza biyu.

Sai na tambaye ta, su wa ke kwana da ke? Ta ce ba kowa. Na ce su wa ke yini? Ta ce ba kowa, sai magen. Ta ce ranar da ta fara zuwa ta tarar kin zuba abinci a faranti, kin zauna a ƙasa kusa da kwanon magen kina ci, don kin ce ba kya iya ci a tebur ke kaɗai.

Zinatu, kin faɗa mini wannan tun a wasiƙarki ta farko, idona ya bi ta kai bai tsaya ba, ina can ina neman inda zan kama ki. Ni da na yi takabar mijina Malam, mutum goma sha ne a ɗakina dare da rana, har korarsu nake in samu in numfasa. Da wannan na auna ki. Na kwana biyu ina kuka, kuma ni na jawo wa kaina.

Ki yafe mini don girman Allah. Ki bar magenki. Ki bar ramin yadda yake, in ma maguna goma za su shigo su shigo. Na kai Zarah gaban Shafi'u ta maimaita, ya ce a ba ki haƙuri. Sauka tana nan ranar bakwai ga watan gobe, ni zan yi magana, kuma mai maganar takabar Turai a gaba zan zaunar da ita.

Zan ba wani ɗan unguwarmu da zai taso jibi wasiƙar nan. Ki shafa mini kan Kande.

Yayarki mai neman afuwa,
Muhibbat

Catford, 9 ga Nuwamba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya. Na fita takaba shekaranjiya, Fa'iz ya zo ya kwana biyu, Fauzia ta yi mini kitso. Na ji an yi sauka, an cika gida, kin yi magana har kin sa mutane kuka. Na gode, Allah ya ba da lada, ya kai haske kabarinsa.

Wasiƙarki ta neman afuwa jiya ta iso. Wanda kika ba an yi masa cancel ɗin tafiya, ya zauna a Abuja sati biyu da ita a jaka. Waccan wasiƙar mai hukuncin ita ba ta yi latti ba, kwana huɗu ta yi a hanya.

Na karanta ta ranar Laraba, na yini ina juya maganar 'ya'yana. Ranar Alhamis na kira Fauzia. Na so Mista Katung ya karɓe ta, amma na ga in tana maƙwabta kullum za ta zo bakin ƙofa tana kuka, shi kuma ya biyo ta, a sake kawo miki labari. Don haka Fauzia ta kai ta wani gidan da ke karɓar dabbobi, can bayan Thamesmead. Ni na sa ta a kwando da hannuna. Ba ta yi gardama ba, ta ɗauka wajen likita za a je. Na sa hannu a takardarsu da Fauzia ta kawo, na haɗa mata da bargonta da kwanonta, na tsaya a bayan labule har motar ta sha kwana.

Ranar Asabar Mutawakil ya zo zuwansa na ƙarshe. Ya cire ɗan katakon da maganaɗisun, ya buga falle ɗaya ta waje, kusa takwas. Ko minti goma bai yi ba, kin yi gaskiya a nan. Da ya gama ya tsaya ta bayan ƙofa ya ce, "Hajiya, wannan aiki bai yi mini daɗi ba." 

Jiya ina gama karanta wasiƙarki na zura takalmi, karo na farko da na fita ba tare da fargabar ido ba. Bas biyu na hau. Matar da ke wurin ta duba kwamfuta ta ce an yi adopting ɗinta kwana tara da suka wuce, wasu mutanen kirki ne suka ɗauke ta, suna da garden. Na ce a ina? Ta ce dokarsu ba ta bari a faɗa. Na ce magen mijina ce, ya rasu. Ta ce ta yi mini baƙin ciki, amma na sa hannu a takarda. Haka ne, na sa. Na roƙe ta ko a faɗa musu sunanta, kuma a ce kada su bar ta ta kusanci titi. Ta ce sun riga sun sa mata wani suna.

Zarah ta aiko da saƙon ban haƙuri, na ce ba komai, yarinya ce. Ke ma na yafe miki, Yaya, tunda kin haɗa ni da Allah, kuma na san don ɗan'uwanki kika yi. Sunana ya fita fes, 'ya'yana za su shiga Kano da kansu a sama. Amma ba zan ce miki raina bai ɓaci ba, ya ɓaci, kuma ban san ranar da zai huce ba.

Kin ce in shafa miki kanta. Da ma za ki ci gaba da rubuto mini, ki tambaye ni komai, har da wanda ya zo da wanda ya fita, zan faɗa miki. Abu ɗaya kawai kada ki tambaya, lafiyar Kande, don ban san a hannun wa take ba.

Ƙanwarki,
Zinatu